Sana'a Sa'a: Koyon Haska Hoton Yara a Ɗaki

Kowace shekara, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, garin Kafancan da ƙauyukan da ke kewaye da shi su kan cika maƙil da baƙi. 'Yan ƙasa da ke aiki a Kaduna da Abuja da Ikko su kan komo gida Kirsimeti, sa'an nan ran 1 ga Janairu jama'a su ɗunguma Kagoro bikin Afan. Haka kuma ranar Sallah, in aka sauko daga idi aka nufi ƙofar fadar Sarkin Jama'a. A irin waɗannan ranaku ba uwar da ba ta son a ɗauki ɗanta hoto da sabuwar riga. To, amma tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, cinikin mai hoto ya ja da baya ƙwarai. Abin da ya rage masa wanda mai waya bai mallaka ba shi ne sanin haske, kuma saurayin da ya ƙware a kansa ya na iya mai da ɗaki ɗaya na gidansu shagon da zai ci da shi.

Kafancan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, inda hanyar Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Jirgin ya kawo ma'aikata da masu sana'o'i daga Kudu, kuma akasarin masu hoto na farko a garuruwan Arewa daga can su ka fito. Rana ita ce fitilar mutanen wancan zamani. Ko Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, hotunansa su ka zaga duniya, a tsakar gida ya kan rataya zane ya ɗauki mutane da hasken Allah. Fitilar walƙiya mai aiki da lantarki, wadda ake kira filasha, ta samo asali ne daga binciken Harold Edgerton a Amurka wajen 1931. Kafin ta, garin maganiziyam a ke cinna wa wuta, ya tashi da ƙara da hayaƙi. Yau kuwa filasha ta na aiki da batir, watau ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shago a Zonkwa ko Kwoi ko Kaciya.

Abu na farko da ya kamata mai koyo ya yi shi ne ya raba filasha da kan kyamara. In ta na bisa kyamara, hasken ya kan doki fuska kai tsaye, ya shafe tudu da kwarin da ke cikinta, ya jefa baƙar inuwa a bango. Sai a ɗora ta a kan sanda mai ƙafa uku, a ajiye ta gefe guda, tsaka-tsaki tsakanin gaban yaro da kafaɗarsa, ta ɗan ɗara kansa tsawo. Akwai 'yar na'urar rediyo da a ke maƙala wa kyamara, ita ce ke ta da fitilar daga nesa. Fitila ɗaya ta isa mai koyo. Wanda ya fara da uku ba zai gane wadda ta ɓata masa hoto ba.

Na biyu, girman haske. Ƙaramar fitila ta kan ba da inuwa mai kaifi irin ta tsakar rana, babba kuwa ta kan ba da mai laushi irin ta ranar da hazo ya rufe sama. Sabo da haka a ke harba filasha cikin farar laima, domin laimar ta zama ita ce fitilar. In ba laima, farin bango ko farin silin ya wadatar, amma fa bango mai shuɗin fenti zai rina fuskar yaro shuɗi. A ɗaya gefen kuma a tsai da farin kwali, ya maido da hasken ya sassauta inuwar kumatu.

Wannan magana ta fi muhimmanci ga baƙar fata. Shekaru da yawa kamfanin Kodak ya na auna launin fim da hoton Baturiya, har ya zama masu hoto a Afirka su na fama da kayan da ba don su aka gwada ba. Baƙar fata ta kan nuna siffarta ne ta wurin ƙyallin da ta ke maidowa. In fitila ƙarama ce, sai a ga ɗigon fari a goshi da kan hanci, sauran fuska ta nutse. In babba ce kuma ta na kusa, ƙyallin ya kan shimfiɗu a hankali, fuska ta fito sumul. Da hunturu, lokacin da iyaye ke lafta wa yara mai don kada su yi furu-furu, ya kyautu a goge goshi da tsumma mai laushi kafin a ɗauka. Har ila yau, farar rigar Sallah ko ta zuwa coci ta kan ruɗi ma'aunin kyamara, ya rage haske, fuska ta yi duhu. Maganin wannan shi ne mai hoto ya saita kome da hannunsa, ya dubi fuska ya yi hukunci.

Na uku, lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. In aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa ga yaro ya kan koma kashi ɗaya cikin huɗu, in aka ninka sau uku ya koma ɗaya cikin tara. Alal misali, yaron da ke mita 1 daga laima in ya ja baya zuwa mita 2, kashi uku cikin huɗu na hasken ya tafi. Don haka a ke manna alama a ƙasa, ko a ba shi kujera 'yar tsugunne, domin ya zauna wuri ɗaya. Kowace filasha ta na da lambar ƙarfinta. In lambar 32 ce a ISO 100, yaro kuma ya na mita 4, sai a raba 32 gida 4, a buɗe ƙofar hasken kyamara a f/8. Laima ta kan ci rabin hasken ko fiye, sai a ƙara buɗewa. Saurin ƙiftawar kyamara kuwa kada ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa a yawancin kyamarori, in ya wuce sai baƙin layi ya yanke gefen hoton. Ita walƙiyar kanta ta kan ɗauki wajen 1/1000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, shi ya sa ta ke kama yaro mai tsalle ba tare da hoton ya yi dishi-dishi ba.

Duk wannan gwaji ba a kan yaro a ke yinsa ba, domin haƙurin ɗan shekara uku bai wuce na 'yan mintoci ba. A samu baƙar tukunya a ɗora bisa kujera, a yi ta matsar da fitila ana dubawa, har hannu ya faɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar aiki kuma mai hoto ya durƙusa har kyamara ta yi daidai da idon yaro, uwa ta tsaya a bayansa ta na yi wa ɗanta wasa. Masu ginin yumɓu na Nok, a ƙasar Jaba, waɗanda aka fara tono aikinsu a 1928, sun huda ƙwayar idon gumakansu fiye da shekara 2,000 da su ka wuce, kuma hudar ce ke sa mai kallo ya ji kamar ana dubansa. A hoto, ɗan ƙyallin laima da ke cikin ido shi ke yin wannan aiki.

Sai batun tsaro. A ɗaure jakar yashi a gindin sandar fitila don kada yaro ya jawo ta kansa, kada kuma a bar waya a ƙasa inda zai yi tuntuɓe. Kada mai koyo ya kuskura ya kwance filasha da sukudireba, gama ta kan riƙe lantarki wajen bolt 300 ko an cire batir. Likitocin ido sun nuna walƙiyar kyamara ta yau da kullum ba ta makantar da yaro, amma ga jinjiri ya fi kyau a harba ta bango don kada ya firgita. Bugu da ƙari, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta nemi yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, sabo da haka kada a sa hoton ɗan wani a Facebook don talla sai da izini.

Akwai kuma abin da ya fi ciniki nauyi. In filasha ta na kusa da gilashin kyamara, hasken ya kan shiga ido ya dawo ja, wannan kuwa ba kome ba ne. Amma in ƙwayar ido ɗaya ta riƙa fitowa fara fat ko ɗorawa a hoto bayan hoto, ta yiwu yanar ido ce, ko kuwa wata sankarar ido da ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ana warkar da ita in an gano da wuri, in an yi sakaci kuwa ta kan ci ido har ta ci rai. Mai hoto ba likita ba ne, amma sau da yawa shi ke fara gani. Hakkinsa ne kada ya goge farin da kwamfuta ya yi shiru. Sai ya ja uwar gefe cikin ladabi ya ce, "Mama, don Allah a kai yaron nan likitan ido ya duba shi cikin makon nan." Akwai Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna inda a ke duba irin wannan.

Daga ƙarshe, a wanke hoto a takarda, a kuma ajiye kwafinsa a wani wuri dabam. Gidaje da yawa sun ƙone a rikicin 1987 da na 2011, kuma hoton ƙuruciya in ya salwanta ba a sake shi, domin mai shi ya girma. Shagon da Musulmi da Kirista ke kawo 'ya'yansu cikin aminci ya riƙe amanar gari duka. Allah ya ba mai nema sa'a, ya raya zuriya.