Ɗan Gyara Kaɗan Take Buƙata

Tun ranar da na ga an jawo wata tsohuwar akori-kura da igiya daga wajen Rano zuwa Zinyau, yara suna biye da ita suna tafi kamar an kawo amarya, zuciyata ba ta sami natsuwa ba, domin kuwa na san motar, na san gindin darbejiyar da ta yi shekaru tana kwance a kan duwatsu kaji suna ƙwai a cikinta, na kuma san cewa saurayin da ke zaune a mazaunin direba yana murmushi, sai da ya sayar da bijiminsa na huɗa da masarar da ya noma bana kafin ya mallake ta. Da na tambaye shi yadda ciniki ya kasance, sai ya ce mini, "Baba, dillali ya rantse mini ɗan gyara kaɗan take buƙata." Wannan kalma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Kada mai karatu ya zaci ina ƙyamar a sayar da matacciyar mota ne. Ko kusa. Motar nan Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, kuma duk wanda ya yi wayo a wancan zamani ya san irin buhunan gyaɗa da dawa da suka sha ɗauka daga ƙauyukan Rano da Kibiya zuwa Kano ba tare da sun yi ƙorafi ba. Injinta ba shi da wani sirri, babu kwamfuta a cikinsa, kowane bakanike na bakin tasha yana iya warware shi ya mayar. Tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, sa'an nan aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, motar da ake kira Beljiyam ta fi ƙarfin talaka, har ya zama dole mutane su koma suna tayar da waɗanda suka kwanta. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya sayar da akwalarsa ga mai iya raya ta ya yi halal, bal ma ya kyauta, matuƙar ya faɗi abin da ke jikinta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ku dubi kalmar nan da kyau, ku ga yadda aka ƙera ta: an ce "ɗan", ba a ƙoshi ba, aka ƙara da "kaɗan", watau an ƙanƙanta abu sau biyu a cikin numfashi guda, alhali kuwa abin da ake ƙanƙantawar ya fi motar kanta girma. Ban taɓa jin dillalin mota ya ce babban gyara take buƙata ba. Wadda fulogi ɗaya ya mutu, ɗan gyara kaɗan. Wadda giyabos ɗinta ya niƙe kamar an zuba masa tsakuwa, ɗan gyara kaɗan. Wadda ta kife a Kwanar Dangora aka miƙar da ita da guduma, ita ma ɗan gyara kaɗan. Kalma ce wadda ba ta da ma'auni, ba a sa ta a mudu, ba a sa ta a sikeli, kuma da gangan aka zaɓe ta saboda haka, domin in mai saye ya dawo yana kuka a ce masa, "Ai mun gaya maka tana son gyara." Mai faɗinta yana so ya sami ladan mai gaskiya da ribar maƙaryaci a ciniki ɗaya. Tana da 'yan'uwa kuma, waɗanda ba su fi ta kunya ba: "batir ne kawai", "ajiye ta aka yi, ba mutuwa ta yi ba", da "wani Alhaji ne ya hau ta, masallaci kaɗai yake zuwa da ita". Ni dai ina roƙon Allah ya haɗa ni da Alhajin nan wata rana, domin bisa ga lissafina shi ne ya hau rabin motocin ƙasar Kano.

Ga abin da bakanike ya tarar bayan ya buɗe motar yaron. Injin ya riga ya yi nokin, an ɗura masa baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara na ɗan lokaci. Lagireto yana yoyo, an liƙe shi da sabulu. Ƙasan bodi tsatsa ta cinye shi, an cike ramukan da foti an shafe da fenti mai sheƙi. Takardu kuwa sun daɗe da mutuwa. Wanda ya ɗura man nan, ya liƙa sabulun nan, ba zai ce bai san aibin ba, tun da da hannunsa ya lulluɓe shi.

Wannan ba sabuwar mas'ala ba ce da za a ce sai an jira fatawa daga Misira. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji an haramta algus da yaudara da ɓoye aibi, ya kuma ji cewa wanda ya tarar da aibi a abin da ya saya yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Malaman da suka yi sharhin Mukhtasar na Halil sun ƙara da cewa wajibi ne mai sayarwa ya fayyace aibin da ya sani filla-filla, bai isa ya dunƙule shi a kalma ɗaya ba, kamar dai sun hango dillalan zamaninmu tun ƙarnuka da suka shige. Kowa ya san ƙissar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa mai albarka a tarin abinci a kasuwa ya taɓo danshi a ƙasa, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Haka nan ya hana a ƙi tatsar dabba kwanaki don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye. Ina bambanci tsakanin cikakkiyar hantsa ta ƙarya da injin da aka ɗura wa mai don ya yi shiru?

Na san abin da masu sayarwa za su ce, domin an riga an faɗa mini a fuska: wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, amma rariya ba ta ɓoye hudojinta, kuma ba wanda ya taɓa toshe su da sabulu ya sayar da ita a matsayin ƙwarya. Da an ce wa yaron injin ya mutu, giya ta mutu, ƙarfe kake saye, da ya saya da kuɗin ƙarfe, ko ya bar wa 'yan gwangwan su auna ta a sikeli, ba mai jin kansu.

Dillalai kuwa, Allah ya shirye mu da su. Dillanci sana'a ce mai asali, da ita aka yi fataucin goro da shanu tun kaka da kakanni, amma yau an mai da sunan Allah kamar gishirin miya, ba a taya farashi sai da wallahi uku. Sai ka ga sun ajiye wani na gefe yana ta ƙara kuɗi alhali ko taya ɗaya ba shi da niyyar saye, wanda shi ne najashin da shari'a ta hana da sunansa, sa'an nan su karɓi la'ada a hannun dama daga mai sayarwa, a hannun hagu daga mai saye. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne bakaniken da mai saye ya ɗauko da kuɗin motarsa don ya duba masa, aka ja shi bayan rumfa aka damƙa masa wani abu, ya dawo yana buga bodi da tafin hannu yana cewa, "Wannan ai ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba." Amana aka ba shi, ya sayar da ita da kuɗin cefanen yini ɗaya. Shi ne kuma zai riƙa aiken yaron kasuwar Ƙofar Ruwa sau uku a mako, yau ringi, gobe kafireto, jibi abin da aka sayo jiya bai shiga ba, kuɗin motar Rano zuwa Kano kaɗai ya isa ya sayi akuya. Ban manta da samarin namu ba, waɗanda kwaɗayin a kira su masu mota ya rufe wa ido har ba sa shawara da iyayensu; amma wautar wanda aka cuta ba ta halatta wa macuci kuɗin.

Yanzu motar tana Zinyau, an sake ɗora ta a kan duwatsu, darbejiya kawai ta sauya. Bijimin huɗa ya tafi, damina kuwa ba ta jiran wanda ba shi da abin noma.

Mai motar na farko ba baƙo ba ne, na san shi, sahun gaba yake tsayawa ranar Juma'a, kuma na san ana karanta masa jarida. Malam, cinikin nan akwai tadlisi, watau ɓoye aibi, a cikinsa, kai ma ka sani. Ka aiko da igiyar da aka ja motar da ita a mayar maka da kayanka, ka mayar wa yaron nan kuɗinsa cif kafin ruwan shuka ya sauka.