Darasin Masaƙun Kakuri

A shekarar 1957 ne aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Ba a daɗe ba wasu suka biyo baya, irin su UNTL da Arewa Textiles. Samari suka baro gonakin iyayensu suka zama masu albashin wata. Manomin auduga na Funtuwa da Gusau ya sami kasuwa, mai gidan haya da mai tuwo-tuwo suka sami abin yi.

Amma wanda ya rabu da gona ba shi da wani rumbu sai albashinsa. Da aka shigo da shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga kuma atamfar waje mai araha da 'yan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa da ita. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL kuma a 2007. Mai jari yana iya kwashe dukiyarsa ya sake sana'a, amma ma'aikacin da ya tsufa a bakin inji ina zai nufa? Da yawa sun rasu suna jiran kuɗin sallama.

Saboda haka lalle ne duk maganar farfaɗo da masaƙu ta fara da biyan waɗannan haƙƙoƙi. Wajibi ne kuma hukuma ta tilasta wa kowane kamfani zuba kuɗin fanshon ma'aikatansa wata-wata, tun injuna suna juyawa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.