Warin da kare ke saki idan ya tsorata

Wata uwa da ke zaune a gidan haya a Agege, Legas, ta aiko da tambaya. Mai gidansu yana da karen gadi, kuma ta lura duk ranar da aka yi tsawa, ko yara suka kore shi da duwatsu, sai wani ƙarni kamar na ruɓaɓɓen kifi ya cika tsakar gida. Tana son sanin ko karen ba shi da lafiya ne, kuma ko warin zai cutar da yaranta.

Hajiya, hancinki bai yaudare ki ba. Kare yana fitar da wari idan ya firgita. A gefen duburarsa, dama da hagu, akwai wasu 'yan jakunkuna biyu da ke tara wani ruwa mai maiƙo da ɗoyi. A ka'ida ruwan yana fita kaɗan-kaɗan ne idan kare ya yi kashi, kuma kowane kare da irin warinsa. Shi ya sa idan karnuka biyu suka haɗu za ki ga suna shinshinar bayan juna, hanyarsu ce ta gane juna. To idan tsoro ya zo kwatsam, naman wurin yakan matse, ruwan ya fito gaba ɗaya. Wani karen har fitsari yake saki.

Shaƙar warin ba ta jawo cuta. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a wanke hannu, shi ke nan. Amma idan ƙarnin ya zama na kullum, karen yana jan gindinsa a ƙasa ko yana yawan lasar wurin, wataƙila jakunkunan sun toshe ko sun kumbura. Wannan aikin likitan dabbobi ne, mai karen ya kai shi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da warin yake sanar da mu. Karen da ya saki wannan ruwa ya kai matuƙa a tsoro, kuma karen da ya tsorata, idan ya rasa hanyar gudu, cizo yake yi. Iyaye da yawa suna jiran su ji haushi ko gurnani kafin su janye yaro. Alamun suna bayyana tun kafin nan: ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa baya, yana lasar baki, yana hamma ba don barci ba, ko ya sandare yana kallon mutum ta gefen ido. Duk wanda ya ga haka, ko ya ji ƙarnin nan, ya ba karen hanya. Kada a ritsa shi a lungu, kada a kai hannu da sunan lallashi.

Shi ma kare yana jin namu tsoron. Masu bincike a Jami'ar Naples ta ƙasar Italiya sun wallafa wani nazari a 2018, inda suka ba karnuka gumin mutanen da suka tsorata su shinshina. Karnukan sun nuna ƙarin damuwa, suna raɓewa jikin masu su. Ke nan idan yaro ya firgita, ya ƙwalla ihu ya ruga, yana ƙara tunzura karen da dama a tsorace yake. A koya wa yara su tsaya cak, hannuwa a jiki, kada su zuba wa kare ido, sannan su ja da baya a hankali. A kuma hana su jifan kare, domin karen da aka saba jifa yana ganin kowane yaro a matsayin barazana.

Idan tsautsayi ya gitta aka yi cizo, ko da ƙarzuna ce, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar domin allurar rigakafin cutar haukan kare. Kada a tsaya shafa magani a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunta sun bayyana da wuya a tsira.

Saboda haka, Hajiya, ki samu mai gidan cikin mutunci ki tambaye shi ko an yi wa karen allurar rigakafi, ki kuma roƙe shi ya tanadar masa wurin fakewa a lokacin ruwa da tsawa. Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.