Ƙofar da Kwalara Ba Ta Iya Rufewa

Da damina ta kankama a Mawashi da ƙauyukan Kankiya da Kusada, ruwan sama yakan kwashe ƙazanta zuwa rijiyoyi da tafkuna, sai amai da gudawa su biyo baya. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka sha wuya. Saboda haka a wannan wata muna so mu bayyana wa iyaye dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceton rai. Wanda ya gane dalili ba ya raina maganin don arahansa.

An gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana kewaye da tantani mai maiƙo, kamar katangar gida. Gishiri da sukari ba su iya ratsa wannan katanga sai ta ƙofa, kowace ƙofa kuma tana da irin baƙon da take karɓa. Ruwa kuwa mabiyi ne, inda gishiri ya nufa can yake bi.

Ga abin da kwalara take yi. Dafinta yana shiga ƙwayoyin hanji ya sa su tara wani ɗan saƙo da ake kira cAMP, dangin nukiliyotaid ne, wato irin tubalan da aka gina DNA da su. Saƙon yana hana ƙofar fitar da gishiri rufuwa, gishiri ya yi ta kwarara cikin hanji, ruwa na binsa. Babban mutum yana iya zubar da lita 10 ko fiye a yini guda. Yaro fa?

Amma akwai wata ƙofa da dafin ba ya taɓawa. A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa hanji yana shigar da sukarin gulukos tare da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ta ƙofa ɗaya, ɗayan ba ya wucewa sai da ɗayan. Da sun shiga, ruwa ya biyo su zuwa jini. A 1971 Dokta Dilip Mahalanabis ya gwada wannan a sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon, ƙasar Indiya, sa'ad da ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Mutuwa ta sauka daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Ƙullin ORS na kemis ya fi kyau, gama an auna shi daidai. In babu, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin cokali. Kada a ƙara don ƙauna! Gishiri mai yawa haɗari ne ga yaro, sukari mai yawa kuma yana jawo ruwa zuwa hanji, shi ya sa lemon kwalba ba magani ba ne. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, ko ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba, kada kuma a hana shi nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

In idanun yaro suka faɗa, ko ya kasa sha, ko ya daina fitsari, a kai shi asibitin Kankiya ko wanda ya fi kusa nan da nan, ana ɗura masa ruwan a hanya.