Bikin Zagayowar Ranar Haihuwar Yara: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata baƙuwar al'ada ta sami gindin zama a gidajen Hausawa, musamman na birane, wato shirya ƙasaitaccen biki duk lokacin da ranar haihuwar yaro ta zagayo. Akan sa a yi kek mai hawa biyu ko uku, a ɗinka wa yaro sababbin tufafi, a ƙawata gida da balan-balan, a kira mai ɗaukar hoto, wani lokaci ma har a kama zauren taro. Wannan muƙala za ta dubi al'adar ne ta fuska ɗaya tak, wato ko abin da yaro yake samu ya kai darajar kuɗin da ake kashewa. Dangane da hukuncin bikin a addini, malamai sun yi bayani kuma kowa yana da wanda yake bi, don haka ba za a shiga wannan fage a nan ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, addini da al'ada duk sun yi hani da almubazzaranci.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: faranta wa yaro rai abu ne mai kyau, amma mafi yawan kuɗin da ake zubarwa a irin wannan biki ba yaron ake kashe wa ba, idon jama'a ake kashe wa.

2.0 Abin da Harshe Yake Nuna Mana

Mai nazarin harshe yakan fara neman asalin al'ada daga kalmominta. Hausa ba ta da kalma guda tilo da take nufin wannan biki. Ko dai a yi doguwar jimla a ce "bikin zagayowar ranar haihuwa", ko kuwa a ari ta Ingilishi a ce "bazde". Haka ita ma kalmar "kek", har yanzu tana ɗauke da kamannin baƙunta, domin ta ƙare da baƙi, alhali tsofaffin kalmomin aro irin su "burodi" da "bokiti" da "kwalabati" sun daɗe da samun wasalin ƙarshe kamar yadda tsarin gaɓar Hausa ya fi so. Masana tarihin al'adu sun fi danganta bikin yara mai kek da kyandir ga ƙasar Jamus, tun wajen ƙarni na 18, daga nan ya bazu zuwa sauran ƙasashen Turai da Amurka. Mu kuwa ya iso mana ta hanyar makarantun boko da talabijin, sannan wayar hannu ta ƙara masa ƙaimi.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai damu da ranar da aka haifi ɗansa ba. Ya damu, sai dai a cikin suna yake adana ta. Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe, duk laƙabobi ne da suke sanar da ranar mako. Marka da Anaruwa suna nuna damina, Azumi da Sallau da Tasalla kuwa suna nuna wata. Bukukuwan da Bahaushe ya tanadar wa yaro su ma suna da ma'ana: suna a rana ta bakwai, da yaye, da kaciya, da walimar saukar Alƙur'ani. Kowannensu sau ɗaya ake yin sa, kuma yana nuna yaro ya ƙetare wani mataki na rayuwa. Sabon bikin kuwa kowace shekara yake dawowa, ga kowane yaro. Magidanci mai 'ya'ya shida ya ɗora wa kansa bukukuwa shida ke nan a shekara, ban da salloli biyu.

3.0 Hujjojin Masu Goyon Baya

Adalci ne a saurari masu yin bikin, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko, suna cewa yaro yana buƙatar ya san ana ƙaunarsa, kuma rana ɗaya da aka keɓe masa tana ƙara masa ƙarfin zuciya. Na biyu, taro ne na sada zumunci a zamanin da 'yan'uwa sukan yi watanni ba su haɗu ba. Na uku, sana'a ce: mata da yawa a Kaduna da Zariya da Kano suna gasa kek a cikin gidajensu, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu ba tare da sun fita ko ƙofar gida ba. Na huɗu, sukan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ya nemi kuɗinsa ta halal ba a tsara masa yadda zai kashe.

Na yarda da hujjoji ukun farko. Amma a lura, babu ɗaya daga cikinsu da ta dogara ga girman kek ko tsadar zaure. Ana nuna ƙauna, ana sada zumunci, ana kuma yi wa mai sana'a ciniki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hujja ta huɗu ce take da rauni, domin bikin ba ya tsayawa a gidan mai kuɗi. Da zarar hoto ya fita a WhatsApp ko Facebook, ya zama ma'aunin da maƙwabciya za ta auna kanta da shi, ko tana da hali ko ba ta da shi.

4.0 Wa Ake Yi wa Bikin?

Masana halayyar ɗan'adam sun tabbatar da cewa babba ba ya iya tuna abubuwan da suka faru da shi kafin ya kai kimanin shekara uku. Ke nan bikin cika shekara ɗaya, wanda shi ne aka fi yi wa ɓarin kuɗi, mai bikin ba zai taɓa tuna shi ba. Wanda ya taɓa halarta ya san yadda ake ƙarewa: yaro yana kuka saboda hayaniya da zafin sababbin kaya, ko ya yi barci a bayan goyo, manya kuwa suna ta ɗaukar hoto.

Sai kuma batun kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin wannan shekara, farashin kayan masarufi ya yi tashin gwauron zabi. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita daga waje ake shigo da ita, saboda haka farashin kek yana bin farashin dala. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Duk mai son ya gane nauyin al'amarin, sai ya je ya tambayi kuɗin kek mai hawa biyu, da lemon kwalba, da ɗinki, da mai hoto, ya tara, sannan ya ɗora jimlar a kan wannan albashi. Ba boyayyen abu ba ne cewa wasu iyaye mata da kuɗin adashi suke yin bikin, wasu kuma da bashi. Bahaushe kuwa ya ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fita ba.

Akwai kuma lafiya. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci a yini, ga manya da yara baki ɗaya. Kek na rana ɗaya ba zai kwantar da yaro ba. Illar tana ga sabo, idan yaro ya tashi da fahimtar cewa farin ciki da zaƙi abu ɗaya ne.

5.0 Ma'auni daga Ƙasar Birnin Gwari

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani biki ne da na halarta a gidan wani ɗan'uwana a Kaduna. Mu mutanen ƙasar Birnin Gwari ne, kuma kamar gidaje da yawa na mutanenmu da ke birni, gidan yana riƙe da 'yan'uwan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Daga cikinsu akwai wata yarinya da iyayenta suka taso daga wajen Kusasu, ita ce take rarraba wa baƙi lemo. Na tambaye ta shekararta nawa. Sai ta ce ba ta sani ba, amma innarta ta gaya mata an haife ta ne a daminar da aka kore shanun babanta. A ɗaki ɗaya, ga yaron da aka rubuta ranar haihuwarsa da sukari a kan kek, ga kuma yarinyar da ba a taɓa rubuta tata ko a kan takarda ba.

Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba. Ƙasa ce mai albarkar noma, ta masara da dawa da shinkafa, ga dajin Kamuku da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Amma shekaru da dama 'yan bindiga suka mayar da dazuzzukan mafaka. A watan Mayun 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska. A watan Maris na 2021 an sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama. A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Kasuwar shanu ta Birnin Gwari kanta ta yi kusan shekara goma a rufe, sai a watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta. Yaran da aka haifa a cikin waɗannan shekaru, da yawansu a gida aka haife su ko a kan hanyar gudu, karatunsu ya tsinke, kuma ba su da takardar haihuwa.

Ba na kawo wannan don in ce a daina farin ciki saboda wasu suna cikin baƙin ciki ba. Yaran da suka ga tashin hankali ma sun fi kowa buƙatar ranar dariya. Na kawo shi ne domin ya nuna abin da yake da daraja a ranar haihuwa. Dokar ƙasa ta 1992 ta wajabta yi wa kowace haihuwa rajista, ta kuma ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Yaron da ba shi da wannan shaida, shi ne wanda malami zai dubi tsawonsa ya ƙiyasta masa shekaru, ya rubuta masa 1 ga Janairu. Wannan ƙiyasi zai bi shi har lokacin da zai nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita, kuma gyaran kwanan wata a lokacin ba ƙaramar wahala ba ce. Kuɗin kek guda ya isa a kai yara da dama ofishin rajista, a sai musu littattafai da takalma.

6.0 Abin da Ya Shafi Malami

Ɗalibi mai shirin zama malami zai iya tambaya, ina ruwana da abin da iyaye suke yi a gidajensu? Amsa ita ce, bikin ya riga ya shigo aji. A makarantu masu zaman kansu da dama, iyaye kan aiko da kek da ƙunshin kyaututtuka a raba wa 'yan aji, a tsayar da darasi a yi waƙa da hoto. Yaron da iyayensa ba su da hali yana kallo, yana kuma lissafin ranar da tasa za ta zo. Wani yakan ƙi zuwa makaranta ran nan, wani ya koma gida ya tayar wa uwarsa da hankali. Hikimar sa wa ɗalibai tufafi iri ɗaya ita ce kada a gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, to ga shi an ɓullo da bambancin ta bayan gida.

Saboda haka ina ba malamai shawarwari kamar haka:

(a) A nemi hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su tsayar da ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowa, tun farkon zango.

(b) Idan za a yi murnar, a haɗa duk waɗanda aka haifa a wata guda a yi musu tare, a ƙarshen mako, ba tare da an ci lokacin darasi ba.

(c) A girmama mai ranar da abin da ba ya cin kuɗi: ya jagoranci aji, ko ya zaɓi tatsuniyar da za a yi, ko 'yan aji su rubuta masa kyawawan halayensa, ko a dasa masa itace a harabar makaranta.

(d) Idan za a ci wani abu, nakiya da alkaki da dubulan da gireba da zoɓo sun wadatar, kuma kuɗinsu yana komawa ga matan unguwa.

(e) Malami ya binciki rajistar ajinsa, ya gano waɗanda ba su da takardar haihuwa, ya wayar wa iyayensu kai.

7.0 Kammalawa

A wannan muƙala an ga cewa bikin zagayowar ranar haihuwa baƙo ne a harshe da al'adar Hausawa, an kuma auna hujjojin masu yin sa da abin da yake ci. Wanda Allah ya hore wa, ya yi wa ɗansa ɗan ƙaramin kek ya tara masa abokan wasa, babu mai ganin laifinsa. Amma idan aka kai ga cin bashi, ko aka yi don wance ta gani, to kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba auna ƙaunar iyayensa da tsayin kek, shi ne gobe zai auna darajar aurensa da yawan akwatunan lefe. Gyaran wannan tunani yana hannun iyaye, amma rabinsa yana hannun malamin aji.

Tambayoyi

1. Kawo hujjoji biyu na masu goyon bayan bikin, ka bayyana yadda marubucin ya amsa su.

2. Tattaro laƙabobi goma na Hausa da suke nuna rana ko lokacin haihuwa, ban da waɗanda aka ambata a sama.

3. Rubuta muƙalar ra'ayi mai shafi biyu da take adawa da matsayin marubucin.