Sarauniyar Lugu Da Malaman Tarihi

Kwanan baya muka yi gardama da wani malami ɗan'uwanmu a kan darasin tarihi. Ya ce wai bai ga dalilin da za a ɓata wa yara lokaci da labarin Sarauniyar Lugu ba, tun da yake mace ce, ga ta kuma matsafiya. Mu kuwa ba mu yarda ba. Ga abin da ya sa, masu karatu su raba mu.

Lugu wani ƙaramin gari ne a ƙasar Arewa, wajen Dogonduci, cikin Nijar ta yau. Mutanensa Azna ne masu magana da Hausa, waɗanda suka zauna a bakin iyaka ba su bi jihadi ba, shugabancinsu kuwa a hannun mace yake. A shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta biyo ta nan za ta Tafkin Chadi. Manyanta hafsoshi biyu ne, Voulet da Chanoine. Inda duk suka bi sai toka da gawa, har labarin ɓarnarsu ya kai kunnen hukuma a Faransa.

Da suka doso Lugu cikin watan Afrilu, Sarauniya Mangu ta tara 'yan bakanta ta tare su. Baka da kibiya ke nan gaban bindiga! Ba za mu ce ta ci nasara ba, don ba ta ci ba. An cinye garin, ita da jama'arta suka janye cikin daji. Amma sai da rundunar ta yi hasarar mutum 4 da harsashi mai yawa. Watan da ya biyo baya suka faɗa wa Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa, suka yi masa kisan da har yau ba a manta ba. To, duk wanda ya san abin da ya sami Ƙonni ya san irin zuciyar da ake bukata kafin a tsaya a Lugu.

Mun sani akwai masu ƙara gishiri, su ce tsafinta ne ya bi Turawan nan biyu ya hallaka su. Waɗannan ma ba mu tare da su. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya karɓe rundunar daga hannunsa, bayan 'yan kwanaki kuma sojansu suka juya musu, suka kashe shi da Chanoine a ƙasar Tasawa. Wannan shi ne abin da ya faru.

Sai mu tambayi malam: tarihi labarin waɗanda muka yarda da addininsu ne kaɗai? In haka ne, don me yake koyar da sarakunan Kano na kafin zuwan Musulunci, tun daga Bagauda, bai taɓa yin ƙorafi ba? Ashe ba tsafin ne ya dame shi ba, zanen ne. Ko Nana Asma'u, wadda ta tura jajojinta ƙauyuka suna karantar da mata, in ya zo kanta sai ya ce 'yar Shehu ce, matar Waziri Giɗaɗo, ya wuce.

Mu dai a ajinmu za mu zana Lugu a allo, kusa da Ƙonni, mu rubuta 1899 a ƙarƙashi. In malam yana da hujja, ya aiko wa Edita, muna jira.