Shekarar Ƙira da Hukuncin Kunne: Nasiha ga Mai Neman Jita ta Hannu

Daga cikin al'adun da ma'abota kiɗan jita na Amurka da Turai suka ƙirƙira, waɗanda kuma sannu a hankali suke yaɗuwa zuwa duk inda wannan abin kiɗa ya kai, akwai wata da na daɗe ina juya ta a raina, wato yadda idan aka ajiye jita mai lantarki ta hannu a gaban mai saye, tun bai ɗaga ta ya ji nauyinta ba, balle ya taɓa tsarkiya ya saurari muryarta, tambayar da take fara fita daga bakinsa ita ce, "Ta wace shekara ce?" Tambaya ce mai hujja, ban kuma ga laifin wanda ya yi ta ba, domin kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya sun sha sauya iyayen gida, sun sha sauya katako da fenti da ma'aikata, har ya kasance jita biyu masu suna ɗaya da siffa ɗaya suna iya shan bamban ƙwarai a hannun makaɗi. Abin da nake inkarinsa shi ne a ɗauki amsar wannan tambaya a matsayin hukuncin ƙarshe, alhali kuwa shekara shaida ce guda ɗaya tak daga cikin shaidun da ya wajaba a saurara kafin kuɗi su bar aljihu.

Kada mai karatu ya zaci batun ya yi mana nisa. Wanda ya san Agadas ya san jita mai lantarki ta zama 'yar gida a can, biki ba ya cika sai da ita, kuma daga wannan yanki ne irin su Bombino da Mdou Moctar suka fito har duniya ta san da zamansu. Shi Mdou Moctar ma, kamar yadda ya sha faɗa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Samarin da ke bin sawunsu, da masu kiɗa a majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa na Jos da Kaduna, galibinsu ba su da halin sayen sabuwa fil, sai dai wadda ta ƙetaro teku bayan ta ratsa hannuwa da yawa, kuma mutumin da ya tara kuɗinsa da gumin goshi wata da watanni ya fi kowa cancantar a gaya masa gaskiya.

Asalin wannan girmama shekaru yana komawa ne ga tarihin kamfanin Fender. Leo Fender, wanda tushen sana'arsa gyaran rediyo ne, shi ya fito da samfurin Stratocaster a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya ci gaba da riƙe ragamar kamfaninsa har zuwa Janairun 1965, lokacin da ya sayar da shi ga CBS, babban kamfanin nan na watsa labarai, a kan dala miliyan 13. Daga wannan rana masu sha'awa suka raba tarihi gida biyu, kafin CBS da bayan CBS, suka yanke cewa alheri duka yana cikin kashi na farko. Ba za a ce zancensu ba shi da tushe ba. Sababbin masu gida sun fi damuwa da yawan abin da ake fitarwa. A ƙarshen 1965 aka faɗaɗa kan jitar, bayan 'yan shekaru aka bar siririn fentin da aka saba da shi aka koma wani mai kauri, a 1971 kuma aka rage notin da ke riƙe wuya da gangar jiki daga huɗu zuwa uku, abin da, da yake ba kullum ake sassaƙa mazaunin wuyan daidai ba, ya sa waɗansu suke motsi a gaɓa idan an ɗan ja su. A ƙarshen shekarun 1970 kuwa an fitar da waɗansu masu nauyin da ke gajiyar da kafaɗa tun dare bai raba ba. Sai a 1985 CBS ta sayar da kamfanin ga waɗansu ma'aikatansa ƙarƙashin jagorancin Bill Schultz, aka buɗe sabuwar masana'anta a Corona, aka shiga gyaran abin da ya ɓaci. Labarin kamfanin Gibson ma kusan haka yake: samfurin Les Paul Standard da aka ƙera tsakanin 1958 da 1960, wanda adadinsa bai wuce kimanin 1,700 ba, shi ne yau ake saye da ɗaruruwan dubban daloli, shekarun da kamfanin ya yi a hannun Norlin kuwa, daga 1969 zuwa 1986, su ne abin kushewa.

To, duk wannan na karɓe shi a matsayin tarihi, sai dai tarihin nan da kansa yana ɗauke da abin da ke rushe taƙlidin da aka gina a kansa. Farar Stratocaster da Jimi Hendrix ya kaɗa a taron Woodstock cikin Agustan 1969, wadda har gobe makaɗa ke neman kamo muryarta, ƙirar 1968 ce, wato ta zamanin CBS ɗin nan da ake yi wa kallon raini. Les Paul ta 1959 da ake rububinta yau, a zamaninta kasuwa ƙin ta ta yi, har kamfanin ya sauya mata siffa gaba ɗaya a 1961, bai kuma dawo da ta asalin ba sai 1968, bayan da makaɗa irin su Eric Clapton suka tono ta suka nuna wa duniya abin da take iyawa. Shi Clapton ɗin kuwa, jitarsa da ta fi shahara, wadda ake kira Blackie, wadda aka yi gwanjonta a 2004 a kan dala 959,500, ba ta ma da shekara guda da za a jingina mata, domin wajen 1970 ya sayi tsofaffin Stratocaster shida a wani kanti a Nashville, ya yi kyauta da uku ga abokansa, ya kwance sauran ukun, ya ɗauki gangar da ta fi kwanta masa daga wannan, wuya daga waccan, ya harhaɗa su suka zama ɗaya. Duka ukun na shekarun 1950 ne masu albarka, amma ya ga babu wadda ta cika ita kaɗai.

Dalilin wannan a fili yake ga mai tunani. A wancan zamani da hannu ake goge wuya, da hannu ake jagorantar siririyar wayar tagulla da ake naɗewa a kan maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, katakon da aka yi aiki da shi ranar Litinin kuma ba lalle ya zama ɗan'uwan na ranar Alhamis ba; saboda haka a cikin shekara ɗaya akan sami ta ƙwarai, a sami ta tsaka-tsaki, a sami wadda ba ta da rai. Bayan haka zamani ya yi nasa tankaɗen: masu kyau su aka riƙe, aka lallaɓa, aka gadar, munanan kuwa aka kwance su aka yi kayan gyara da su, har ya zama abin da ya rage a yau shi ne zaɓaɓɓe, mu kuma muna ƙiyasta shekarar duka da shi. Tsadar da ake biya a kan waɗannan shekaru kuwa, mafi yawanta kuɗin ƙarancin abu ne, wanda attajirai masu tara kayan tarihi ke biya don su rataye a bango. Wannan sha'aninsu ne, halal ɗinsu ne. Amma makaɗin da zai goya jitarsa a kan babur ya kai ta gidan biki, ina ruwansa da wannan kasuwa?

A ganina, inda sanin shekaru ke da amfani na haƙiƙa ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne wajen gano shekarun da suna bai tsadantar da su ba tukuna. A 1982 Fender ta fara ƙera jitoci a Japan, a masana'antar Fujigen, har da na farko-farko masu sunan Squier, aikin kuwa ya yi kyau ta yadda a 1985, sa'ad da kamfanin ya wayi gari ba shi da masana'anta mai aiki a Amurka, kayan Japan ne suka riƙe masa suna a kasuwa. Wanda ya sami ɗaya daga cikin waɗannan da lafiyarta, ina ganin ya fi wanda ya ci bashi ya sayi ta Amurka mai karkataccen wuya don kawai an rubuta mata shekara mai daɗin faɗa. Na Meziko ma, da ake ƙerawa a Ensenada, akwai nagari da yawa a cikinsu.

Sa'an nan ita shekarar kanta, wa ya tabbatar da ita? Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, ingancin isnadi kuma bai taɓa hana su duba matani ba, wannan ladabi nasu kuwa ya dace da mai saye. Farkon isnadin jita shi ne lambar kamfani. Daga 1976 Fender ta Amurka takan fara lambar da harafi, S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, adadin da ke biye kuma ya nuna shekara. Amma wannan maruwaici yana da rauni, domin lambar da ta fara da E4 an ci gaba da liƙa ta har wajen 1987 da 1988, wadda ta fara da N9 kuma an same ta a kan jitocin 1990, ba na 1999 kaɗai ba. Don haka sai a nemi shaida ta biyu: a kwance wuya, a duba gindinsa, inda galibi akan sami kwanan wata an rubuta da fensir ko an buga da hatimi. Shaida ta uku tana bayan maɓallan ƙara murya, inda ake buga waɗansu lambobi. Idan aka ga 1377412, ma'anarsa kamfanin CTS ne ya yi maɓallin, a 1974, a mako na 12, wanda ke nuna jitar ba ta girmi wannan mako ba matuƙar ba a sauya maɓallin ba. Ita kuwa Gibson, daga 1977 zuwa 2005 takan yi lamba mai adadi takwas, na farko da na biyar su ke ba da shekara, ukun da ke tsakaninsu kuma su nuna ranar shekarar. Idan shaidun nan suka yi ittifaƙi, hankali ya kwanta. Idan wuya ya ce abu kaza, ganga ta ce wani abu daban, to an yi haɗe-haɗe, wanda ba aibi ba ne ga makaɗi, amma wajibi ne ya rage farashi.

Bayan isnadi sai matani, nan ne kuma ya kamata a ɓata lokaci. A kaɗa ta tun ba a jona ta da lasifika ba, a ɗora tafin hannu a bayan gangarta a ji ko katakon yana amsawa. A ɗaga ta a hango wuyan daga kai zuwa gindi da ido ɗaya, domin wuyan da ya lanƙwashe yana gyaruwa, wanda ya murɗe kuwa sai an canza shi. A duba ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan, musamman na kusa da kai, ko tsarkiya ta ci su har ta yi musu kwari. Idan Gibson ce a juya bayan kanta a haska da tocila, domin nan ne take yawan karyewa, kafinta mai wayo kuma yana iya liƙewa ya shafe da fenti. A jona ta, a murɗa kowane maɓalli a saurari ƙaraf-ƙaraf, a taɓa kowane maganaɗisu da bakin sukundireba a ji ko yana raye.

Ga mai sayarwa kuma ina da magana. Shari'a ta ɗora masa bayyana aibin da ya sani, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da haja idan ɓoyayyen aibi ya bayyana daga baya. Wanda ya liƙa tambarin Fender a kan jitar da ba ta taɓa shiga masana'antar Fender ba, ko ya ƙara wa jita shekaru goma da baki, algus ya yi, ko da wanda ya cuta ɗin bai taɓa ganewa ba. Cinikin da ake yi yanzu ta hoton waya kuwa, a tura kuɗi a jira mota ta kawo, cinikin biri a sama ne, in dai ba an yi sharaɗin mayarwa ba.

Sharaɗin nan yana da muhimmanci na musamman a ƙasarmu, saboda wani dalili da masu lissafin shekaru na can ba su san da shi ba. Jitar da ta yi rayuwarta a ƙasa mai laima, ko ta kwana biyu a kanti a bakin teku, idan ta hau Arewa cikin hunturu katakonta yakan bushe ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su ɓullo su riƙa karce yatsa, wuyan kansa ya sauya tsayuwa. A cikin wuyan akwai wata sandar ƙarfe da ake murɗawa don a daidaita shi. Sai mai saye ya sa a murɗa ta a gabansa, kaɗan gaba kaɗan baya, ya tabbatar tana juyawa, sa'an nan ya nemi a ba shi ko mako guda ne jitar ta sha iskar garinsu kafin ciniki ya tabbata.